Labarin Kawu da Aka Raba a Gado

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ana tsakiyar dashen tumatir, aka kai shi makwancinsa a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Na zauna a tabarmar makoki ina sauraron abin da ake faɗa a kansa, kuma wallahi da ba da hannuna na zuba masa ƙasa ba, da na ce wani mutum daban ake yi wa ta'aziyya.

Liman ya ce mutum ne na sahun farko. Gaskiya ne. Wani dillalin tumatir daga Kadawa ya ce bai taɓa samun ruɓaɓɓe a ƙasan kwandon Kawu ba. Wannan ma gaskiya ne. Wani tsohon Bafulatani da ke kawo shanunsa shan ruwa ya share hawaye ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma mai tambaya ne. Ya taɓa tsare ni tun hantsi yana son jin yadda saniya take yi in ta sansano ruwa daga nesa. Har yau ban san abin da zai yi da wannan ba."

Ni na san abin da ya yi da shi, amma kafin in buɗe baki wani maƙwabci ya sassauta murya ya ce, "Ai bawan Allahn nan ba haka kawai yake zaune ba. Kullum da alƙalami a hannu. Allah kaɗai ya san irin laƙanin da ya bari." Kowa ya gyaɗa kai. Har da 'ya'yan da ya haifa.

To bari in faɗa a nan, tunda a can ba a ba ni dama ba. Kawu ba shi da laƙanin komai. Ko maganin ciwon kai sai ya aika kemis. Marubucin labari ne. Labarin ƙasashen da babu su, da sarakunan da ba a taɓa naɗawa ba, da tsuntsayen da ke ɗaukar mutum a baya. Abin da ya ƙare rayuwarsa yana yi ke nan, kuma cikin duk waɗanda suka cika ƙofar gidansa suna shan kunu babu wanda ya ambata.

Aikinsa na ƙuruciya buɗe ƙofar ruwa ne a ƙaramin kanal. Ka buɗe, ka zauna ka jira gonakin wannan layi su ƙoshi, ka rufe, ka buɗe na gaba. Aikin jira ne. Wasu suna jiran da dara, wasu da gulma. Shi da rubutu ya yi nasa, a 'yar rumfar kara da ya kafa a bakin ruwan. Bai yi boko ba, allo ya yi, don haka da ajami yake rubutu, da alƙalamin kara da tawadar da yake haɗawa da kansa. Tun buhun siminti yana na takarda yake yanka shi daidai wa daida yana rubutu a kai, har aka zo ga farar takarda. Kowane shafi da bisimilla yake farawa. Kuma ba ya sa wasali, sai wanda ya saba da hannunsa ne yake iya bi.

Bai taɓa cewa kowa addu'a yake rubutawa ba, amma bai taɓa gyara wa mai zaton hakan ba. Na tambaye shi dalili. Ya shafa gemu ya ce, "Ɗan ƙanwa, dattijo da wannan a haɓa a ce yana tatsuniya? Gara su ɗauka malami ne, sun fi barina in yi aikina."

Ni makarantata a aji biyu na sakandare ta tsaya, ba sai na ba da labarin dalili ba. Abin da na fita da shi kawai shi ne iya karatu da jarabar littattafan yaƙi, irin waɗanda ake ba da haya ranar kasuwar Bunkure, bangonsu da hoton ƙato riƙe da takobi. Wata rana na kai masa ɗaya ina ɗoki, na karanta masa wurin da jarumi ya yi sara ɗaya mayaƙa dubu suka zube. Ina jira ya ce kai!, sai ya ce:

"Wa ya binne su?"

Na ce, "Wa fa, Kawu?"

"Mutum dubun nan. Ba su da iyaye? A zafin nan za a bar su a fili? Kuma shi mai saran, kafaɗarsa ba ta yi tsami ba? Ni fartanya nake ɗagawa, da yamma sai an danna min baya."

Na ce ai labari ne, ƙarya ce. Ya ce, "Ƙaryar ce ta fi son kula. Gaskiya ko ka yi sakaci da ita tana nan. Ƙarya kuwa in ba ka ba ta ci da sha ba, a shafi na biyu take mutuwa."

Haka yake. In ya ƙirƙiro tsuntsu mai ɗaukar mutum, sai ya san abin da yake ci da inda yake kwana da wanda ke share kashinsa. In ya gina birni a labari, sai ya zana shi a takarda, gida-gida, ƙofa-ƙofa, cikin murabba'i, don kada ya manta ya sa kasuwa a gabas yau gobe ta koma yamma. Wannan zanen ne mutane ke hangowa daga nesa su ce hatimi ne.

Babban labarinsa, wanda ya fara tun ina saurayi, na wata ƙasa ne da sarkinta ya ƙwace inuwar talakawansa ya tara a wani ƙaton rumbu. Mutum yana tafe ba inuwa, bishiya tana tsaye ba inuwa, babu inda za ka fake. Sai wani masaƙi, wanda duk abin da ya saƙa yake zama hanya, ya tashi zai je ya karɓo inuwar uwarsa. Ba ta duniya ba, ta uwarsa kawai, don ta tsufa rana tana cin ta. Shanun da ke sansano ruwa suna ciki, su ne suka fitar da shi daga wani jeji. Duk wanda ya taɓa yin cirar ciyawa a gonar shinkafa da rana tsaka ya san Kawu ba wasa yake yi ba.

Mun yi faɗa da shi sau ɗaya, faɗa na gaske. Na zauna na rubuta nawa labarin da boko, na cika littafin makaranta guda, na kai masa ina jin kaina. Ya saurara har ƙarshe idonsa a rufe. Da na gama ya ce, "Kogin nan naka, ina ya nufa?"

Na ce, "Ya zagaye birnin ne ya dawo inda ya fito."

"Ya hau tudu ke nan."

"Kogin aljanu ne, Kawu."

"Ko na iyayen aljanu ne, ruwa gangare yake bi. In kana so ya hau tudu, ka gaya min wa ke tura shi, kuma me ake ba shi. Kai da aka haifa a bakin kanal! Wannan ba rubutu ba ne, lalaci ne."

Na tattara littafina na tafi. Har aka yi girbin shinkafa ban taka rumfarsa ba. In mun haɗu a masallaci in gaishe shi a tsaye, ya amsa yana murmushi, murmushin ya ƙara ƙona min rai. Shi bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Har yau ina ganin da ya iya faɗa da laushi. Amma dai kogin ya hau tudu, wannan kam haka ne.

Abin da ya shirya mu haɗari ne. Mota ta ture ni a kan babur wajen Garun Mallam, ƙafata ta karye, mai ɗori ya ɗaure ni a ɗaki. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa da farko, daga baya ƙafa ta ɗauke, kamar yadda aka saba. Kawu ne kaɗai bai daina ba. Kullum da hantsi sai ga shi da gafakarsa ta fata a hammata, ya zauna a bakin katifa, ba sannu ba komai, ya ce, "Ina muka tsaya?" A makon nan ne masaƙin nasa ya faɗo daga hanyar da ya saƙa a sama, shi ma ya karye a ƙafa.

Na ce, "Kawu, ba'a kake min?"

Ya ce, "Ina ruwana da kai? Shi ne bai ƙulla zarensa da kyau ba."

"To zai tashi?"

"Zai tashi, amma da ɗingishi. Kuma da ɗingishin zai ƙarasa tafiyar, don ba ni da wani masaƙin."

Ni ma da ɗingishin na tashi. A wannan kwanciyar ce ya koya min bin hannunsa, har na zama ni kaɗai a duniya, ban da shi, nake iya karanta takardun nan ba tare da tuntuɓe ba.

Gab da rasuwarsa na same shi a rumfa yana wanke alƙalami, fuskarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya ce, "Na gama. Masaƙi ya isa ƙofar rumbu, kuma abin da zai faru ya faru." Na ce ya samo inuwar? Ya ce, "Gaggawar me kake yi? Bari a gama dashe. Ka zo da goro mai kyau, ba irin busasshen da ka saba kawowa ba." Ba a gama dashen ba ya tafi.

A zaman makoki na ja babban ɗansa gefe, wanda nake kira Yaya, na ce gafakar Kawu fa, a adana ta, kada a taɓa. Ya ce, "Taubashi, ko ƙasar kabari ba ta bushe ba ka fara hangen kaya?" Na bar maganar, don ni ɗan ƙanwa ne, ba ni da ko allura a gadon. Bayan arba'in na bi lodin albasa zuwa kudu. Kafin in dawo an raba gado.

An raba gona, an raba gida, an raba injin ban ruwa. Da aka zo kan gafaka, malamin da ke rabon ya buɗe, ya ga bisimilla, ya ga zanen murabba'i, idonsa ya faɗa kan kalmar aljani, sai ya yi maza ya rufe. Ya ce kundin wani ba a karanta shi sai da izinin mai shi, mai shi kuma ya tafi. Amma albarka ce, kada a hana kowa. Sai ya ɗora takardun a tabarma ya kasafta tulin daga sama zuwa ƙasa kamar ana rabon ƙosai. Na sama ya ba Inna, matar Kawu, tumuninta. Na biye ya ba 'yar Kawu da ke aure a Garun Mallam. Sannan ƙanin Yaya, sannan Yaya ya kwashe na ƙasa. Namiji rabo biyu, mace ɗaya. Labari guda, jama'a! An bi ƙa'idar gado tsaf, babu wanda aka zalunta sai mamacin.

Inna na fara zuwa wa. Tana cikin takaba, ta miƙo min nata ta bayan labule tun ban gama magana ba. Ta ce, "Ungo, ɗana. Ni dama na san ba addu'a ba ce. Ina jin sa yana rubutu yana dariya shi kaɗai. Wa ke dariya a addu'a? Na faɗa musu, suka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni."

'Yar Kawu na samu ta naɗe nata a leda ta rataye a saman ƙofar ɗaki, wai maganin ɓarayi. Na ce, "Ƙanwata, kin san abin da kika rataya? Wurin da masaƙi yake cinikin tsuntsu ne da wata tsohuwa mai rowa." Ta ce, "Kai dai taubashi ba ka rabo da shirme. Tun da na rataya ko kaza ba a ɗaukar min ba." Na ce da can an taɓa ɗauka? Ta ce a'a. Sai da na zauna a tsakar gidanta na karanta mata shafi biyu. Da na zo inda tsohuwar ke cewa tsuntsun ba ya tashi ranar Laraba don ranar ce yake ziyarar surukansa, sai ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ce, "Wallahi muryar Baba ce." Ta sauko da ledar ta ba ni.

Ƙanin Yaya ɗan zamani ne, mai bin wa'azi a waya. Ya tare ni a ƙofar shagonsa ya ce, "Na ƙona."

Na ce, "Ka me?"

"Na ƙona su. Sunayen aljanu ne da hatimai. So kake a yi ta yi wa Baba azaba a kabari? Taimakonsa na yi."

"Ka karanta?"

"Ba na iya wannan rubutun. Kuma ba sai na karanta ba."

Ka ji fa. Ɗaya ya ce albarka ce, ɗaya ya ce shirka ce, kuma dukansu babu wanda ya karanta layi ɗaya. Na so in mare shi, na tuna ɗan Kawu ne. Abin da ya ɗan sanyaya min rai shi ne rabonsa na tsakiya ne, wuraren da Kawu ya karanta min ina kwance. Ba zan iya dawo da kalmominsa ba, amma na san abin da ya faru. Ƙarshen ne ban sani ba, kuma ƙarshen yana hannun Yaya.

Yaya ya ce sai dai in yi haƙuri. Tumatirinsa ya fara fure, tsutsar nan da muke kira sharon ta shiga gonakin maƙwabta tana cinye ganye, shi kuma ya raba nasa takardun kashi huɗu, ya naɗe a leda, ya binne a kusurwoyin gonarsa. Na ce, "Yaya, gonar da ake sakar wa ruwa?" Ya ce ya ɗaure ledar tamau. Na roƙe shi mu tono a ranar, in karanta a gabansa, in mayar. Ya ce, "In tone tsari tumatir yana fure? Kai ba ka da abin asara, shi ya sa." Na kai ƙara wurin Inna, na kai wurin liman. Liman ya ce abin mutum ne, ya ci gadonsa. Haka na yi ta wucewa ta bakin gonar nan ina kallon ruwa yana kwanciya a kusurwa, ba ni da ikon ɗaga ko fartanya.

Sai da ya kwashe tumatirinsa tas, motoci suka ɗauka, sannan ya aiko in zo. Yana ta fara'a, don sharon ba ta yi masa ɓarna sosai ba. Feshin da ya yi ta yi kuwa bai ambata ba. Ya ce, "To malam marubuci, tono. Amma ka duba ka mayar min."

Na tono ta farko. Ledar ta kumbura kamar mafitsara. Da na kwance, baƙin ruwa ya tsiyaye a hannuna, takardun sun manne sun zama kamar tuwon da ya kwana. Tawadar Kawu irin ta allo ce, dama an yi ta ne don ta wanku. Na tono ta biyu, haka. Ta uku, haka. Ta huɗu na shanya a rana na ɓanɓare a hankali da tsinke, na samu fararen shafuka masu dabbare-dabbare, ko harafi ɗaya babu.

Yaya ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Allahu akbar! Ka gani ko? Ƙasa ta shanye. Shi ya sa abin ya ci." Sannan ya dafa ni ya ce, "Taubashi, na wurin Inna da na ƙanwarmu suna hannunka ko? Ka ajiye min na baɗi."

Na wanke hannuna a kanal na tafi gida.

Yanzu labari ya bazu. Daga Kadawa, daga Bunkure, mutanen da ba su taɓa zama a rumfar Kawu ba suna sallama a ƙofata, kowa yana son shafi ɗaya na gonarsa. Sukan ce, "Ashe marigayi babban malami ne, ba mu sani ba." Nakan shimfiɗa tabarma in ce su zauna in karanta musu, su ji abin da yake ciki. Sai su kama duba waya, su ce sauri suke yi, ba karatun suke so ba, takardar suke so. Na daina buɗe ƙofa.

Na gwada rubuta ƙarshen da kaina. Na sa masaƙi ya fasa rumbu, na yaga. Na sa sarki ya tuba, na yaga. Duk wanda na rubuta sai in ji ba haka mutumin nan zai yi ba, kuma babu wanda zan kai wa ya zage ni ya gyara min. Don haka na bari. Abin da zan iya shi ne wannan da kuke karantawa, don ko bayan raina a san cewa a bakin kanal ɗin nan an yi wani tsoho da ya gina ƙasa guda da alƙalamin kara, kuma ya gama ta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari, ya yafe masa, ya yafe wa 'ya'yansa, don ni har yanzu ina ƙoƙari. Shi Kawu ya san yadda aka ƙare. Mu kuwa masaƙi yana nan tsaye a ƙofar rumbu da ƙafa ɗaya mai ciwo, uwarsa tana can cikin rana tana jira.